Baƙon da Kawu Ya Bari

Washegarin ranar da aka binne Kawu a maƙabartar musulmi da ke gefen Lyon, masu ta'aziyya kashi biyu ne suka zo gidansa. Namu sun cika ko'ina: ƴan kasuwar Guillotière, dattawan da suka taso daga Paris da Sevran, mata da kulolin abinci har bakin madafa. Gidan ƙarami ne, don haka a garaji aka shimfiɗa wa maza tabarmi. Kashi na biyu kuwa tsallaken titi suka tsaya. Turawa ne, tsofaffi da matasa, kowa riƙe da igiyar kare, sun jeru a jikin katanga cikin sanyi ba mai magana.

Wani dattijo daga Sevran ya leƙa ya dawo, ya ce da Yaya, babban ɗan Kawu, "Kai, waɗancan fa? Zanga-zanga ake yi a unguwar?"

"Ta'aziyya suka zo, Baba. Karnukan nan duk ta gidan nan suka bi kafin su samu masu su."

"Duka?"

"Duka. Wasu ma ba su samu zuwa ba."

"To mi ya hana su shigo?"

"Sun ce Papa ya koya musu ba a kai kare inda ake salla."

Dattijon ya ajiye kofin shayinsa, ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Ikon Allah." Daga nan suka riƙa tsallakowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa sai ya miƙa wa na kusa da shi igiya, ya shigo ya gaida Inna, matar Kawu, ya koma ya karɓi tasa da ta wani. Wata tsohuwa ta riƙe hannun Inna tana kuka, ta ce kowace sabuwar shekara sai Kawu ya kira ta, ya fara tambayar lafiyar kare kafin ya tambayi tata. Da suka watse Inna ta dube ni ta ce, "Ni da na zauna da mutumin nan tun ƙuruciya, wallahi ban san sun kai haka ba." Ni ma ban sani ba, kuma har yau in na tuna layin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Amma akwai kare ɗaya da ba ya cikin layin. Yana bayan gida, a ƴar rumfar itace, kwance da fuska a jikin bango, ya daina cin abinci. Shi ne na ƙarshe da Kawu ya karɓo, kuma bai kai ga miƙa shi ga kowa ba Allah ya karɓi abinsa. Ina gaisawa da mutane, rabin hankalina yana can wajensa.

Ni ɗiyar ƙanwar Kawu ce, kuma shi ya riƙe ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarama, Kawu ya je Maradi ya ɗauko ni ya haɗa da ƴaƴansa. Lokacin yana sayar da atamfa da shadda a unguwar Château Rouge ta Paris tare da amininsa, Alhajin da muke kira Baba na Paris. Daga baya ya dawo Lyon ya buɗe nasa kantin, amma bai daina zirga-zirga da motar kaya tsakanin garuruwan biyu ba. Dogon mutum ne marar yawan magana, mai cin goro a hankali kamar ana kallonsa. In ka kawo masa ƙara sai ya ce, "Zauna tukuna," kuma sau da yawa kafin ka gama zama ka manta abin da ya kawo ka.

A kan wannan hanyar abin ya samo asali. Wata rana da zafi, lokacin da Turawa ke tafiya hutu, ya tsaya sallar azahar a wurin hutawar motoci, ya ga kare ɗaure a jikin turken ƙarfe, harshe waje. Ya yanke gindin gorar roba ya zuba masa ruwan alwalarsa. Ya jira mai shi har la'asar, ba wanda ya zo. Da ya kai shi gidan ajiyar karnuka aka ce ba wuri, wai kowane hutu haka mutane ke zubar da su a hanya. Wata Madam ta ƙungiyar masu ceton dabbobi ta roƙe shi ya riƙe na ƴan kwanaki. Da ya buɗe bayan mota a gida, Inna ta dafe ƙirji ta ce, "Malam, kaya ka je ɗaukowa ko masifa?" Ya ce, "Baƙo ne. Zai tafi." Ya tafi ɗin kuwa, wani ya zo a madadinsa, kuma garajin bai sake zama babu kare ba har ƙarshen ransa.

Kowanne Baƙo yake ce masa, mace kuma Baƙuwa. Bai taɓa raɗa wa ko ɗaya suna ba, yana cewa wannan haƙƙin wanda zai zauna da shi ne. Dokokinsa kuwa ba sa lanƙwasuwa. Kare ba ya shiga cikin gida. Kwanonsu daban, sabulunsu daban. Yana da tsofaffin riguna da yake ratayewa a ƙusa cikin garaji, su yake sawa in zai shiga wajensu, ya cire kafin ya fito ya yi wanka. Ya je ya tambayi malamai abin da ya halatta da abin da bai halatta ba, ya tsaya iya inda aka tsayar da shi, sauran surutun mutane kuma bai taɓa tanka shi ba.

Kada wani ya ɗauka aikin daɗi ne. Karnukan da ake kawo masa ba irin na talla ba ne. Wani an daka shi har in ka ɗaga hannu za ka sosa kai sai ya saki fitsari. Wata ta shekara a kulle a baranda, ba ta san ciyawa ba, in ƙafarta ta taɓa sai ta ɗage. Sun cije shi, tabon yana nan a bayan hannunsa har aka yi masa wankan gawa. Maƙwabta sun buga ƙofa saboda haushi. Wani ɓarawon Baƙo ya taɓa cinye kilishin da aka aiko wa Inna tun daga gida, da takardar da komai, kuma ranar nan kowa ya kama kansa, har Kawu. Ni kaina na sha cewa a raina, mutum da girmansa da gemunsa, me ya kai shi kwashe kashin kare da safe?

Amma duk wanda ya ga yadda yake zama da sabon kare sai bakinsa ya mutu. Ba ya kiransa, ba ya miƙa masa hannu. Sai ya kifa bokiti a gefe, ya zauna ya ba shi kafaɗa, yana jan carbi ko yana sauraron rediyo ƙasa-ƙasa. Gobe haka, jibi haka. Yakan ce, "Wanda aka daka ba ya son a zuba masa ido." Na taɓa leƙawa ta tagar garaji na ga wani ƙaton kare, wanda aka kawo da takunkumi a baki, yana jan ciki a hankali har ya ɗora haɓarsa a kan takalmin Kawu. Kawu bai motsa ba, bai ko sunkuya ya dube shi ba, hawaye ne kawai ke bin gemunsa. Na koma ciki da sanɗa, ban taɓa gaya masa na gani ba.

Wajen bayarwa nan ne rigimarsa take. Ƙungiya tana da tambayoyinta, amma Kawu sai ya yi nasa binciken, irin wanda ake yi wa mai neman aure. Zai je gidan, ya sha kofi, ya gaisa da maƙwabta, ya tsaya hira da mai sayar da burodi na layin. Wata rana ya hana wasu miji da mata masu ƙaton gida da fili, Madam ta zo har kanti ranta a ɓace. Ta ce, "Me suka rasa? Wuraren sun cika, kana hana mutanen kirki."

Ya ce, "Uwar mijin tana magana, ya tashi ya rufe mata ƙofa."

"To ina ruwan kare?"

"Karen ma zai tsufa, Madam."

Ta yi fushi, ta ba su wani karen daga wani wuri, kuma ban san yadda suka ƙare ba. Shi ma Kawu ba kullum yake dacewa ba. An sha maido masa da kare bayan ya yarda da mutane, wai sun samu haihuwa, wai ya yage kujera, wai sun sauya gida. Ranar da aka maido kare, Kawu ba ya cin abincin kirki. Yakan ce maidowar ta fi zubarwar farko ciwo, don wannan karon da hannunsa ya kai.

Abin da bai taɓa fashi ba shi ne riga. Duk karen da zai kai sabon gida sai ya ciro ɗaya daga tsofaffin rigunan nan na ƙusa, wadda ya sha zufa a ciki, ya ba mutanen su shimfiɗa masa, ya gargaɗe su kada su wanke sai karen ya daina nemanta da kansa. Inna takan yi tsaki ta ce ana ba Turawa kunya da tsumma mai wari. Shi kuma ya ce, "Mu ne muke jin wari. Shi gida yake ji." Na girma kafin na gane inda ya samo wannan. Ranar da zai ɗauko ni daga Maradi, ina jin sa ya ce da mahaifiyata, "Sa mata zanen da kika kwana da shi, kada ki wanke." Na yi watanni a Paris ina barci da fuskata a cikin zanen nan, kuma bai bar kowa ya taɓa shi ba.

Wanda ya kasa haɗiye lamarin shi ne Baba na Paris. Tare suka bar gida suna samari, tare suka kwana a ɗaki ɗaya a ƙasar nan suna raba burodi. Wata sallar layya ya zo mana Lyon, ya zagaya neman Kawu ya same shi durƙushe yana wanke wa kare gyambo da hannunsa. Bai ci naman sallar ba. A bakin ƙofa na ji yana cewa, "Wanga abu ba namu ba ne. Ka zo ƙasar mutane ka zama su." Kawu ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, ka gaida gida." Tun daga ranar Baba bai sake taka gidanmu ba. Kowace Juma'a dai sukan gaisa a waya, gaisuwa gajera, ba a tambayar komai. Sai da Kawu ya rasu ya zo, kuma shi ya shiga kabari ya karɓe shi.

Baƙon ƙarshe tsohon kare ne mai furfura a baki, wanda aka maido har ya gaji da maidowa. Ba ya cin abinci sai Kawu na zaune. Duk da haka Kawu ya samo masa gida, wajen wani tsoho mai ritaya da matarsa ta rasu, a wani ƙauye kusa da duwatsu. Ya gama bincikensa, saura kaiwa, sai ciwo ya kwantar da Kawu. Kwanakin da ya yi a asibiti karen yana ɗan taɓa abinci, yana kwance ƙarƙashin ƙusar rigunan.

Da aka yi rasuwa, mata suka yi abin da aka saba. Baƙi za su zauna a garaji, ba yadda za a yi a shimfiɗa wa dattawa tabarma inda kare ya kwana. Aka mai da shi rumfar baya, aka kwashe tsummokaran ƙusa aka zubar, aka wanke ƙasa da bango da ruwan jabel mai kashe wari. Kayansa na kirki kuma magada suka yarda a yi sadaka da su, aka wanke, aka goge, aka raba. Ba wanda ya yi laifi, kowa neman lada yake yi wa mamaci. Amma kafin a yi addu'ar uku babu ko hula ɗaya a gidan da ta rage da ƙamshin jikinsa.

Karen ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. Na zauna a kan bokiti na ba shi kafaɗa, na dafa masa kaza, bai ko ɗaga kai ba. Likitan dabbobi ya ce ba ciwo a jikinsa, kuma in ya ci gaba haka ba zai kai ko'ina ba. Tsohon na ƙauye ya ce shi ya binne matarsa, ba zai iya ɗaukar wanda zai mutu a hannunsa ba, sai in ya fara ci. Madam kuma ta ce ba ta da wani mai riƙo, sai dai a mai da shi keji, mu duka kuwa mun san daga can ba zai sake fitowa ba. Ita ce ta tambaye ni, "Ba abin da ya rage nasa wanda ba a wanke ba?"

Na tambayi Inna. Ta ce akwai babbar rigar sanyinsa ta ulu, wadda ba a sawa a injin wanki. Ita da hannunta ta ba Baba na Paris. Da ta gane inda na dosa ta ce, "Ke, ki rufa mana asiri. Da wane baki za ki karɓo sadakar mamaci, ki ce kare za ki ba? Kuma wajen wa?" Yaya ya ce a kira Baba a waya. Na ce wannan ba maganar waya ba ce. Da safe na hau jirgin ƙasa zuwa Paris.

Na fito daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, a Château Rouge, na kutsa tsakanin masu kifi da masu ayaba, na same shi a kanti yana auna wa wata mata shadda. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi Inna, ya tambayi Yaya da ƙannensa, ya yi mana ya haƙuri, na yi masa. Da gaisuwa ta ƙare ya ce, "Ɗiyata, lafiya kika taso tun daga Lyon?"

Na faɗa masa komai, idona a ƙasa. Ya sallami matar, ya ce ta dawo gobe. Ya naɗe shaddar ya ajiye.

"Rigar ɗan'uwana," ya ce. "Kare ya kwanta bisa."

"I, Baba."

"Kin san abin da ya shiga tsakanina da shi."

"Na sani, Baba."

"Kuma kika zo."

"Ba ta rage wajen kowa ba sai wajenka."

Ya tashi ya shiga ɗakin kaya. Na ɗauka shi ke nan, na fara tunanin yadda zan fita ba tare da na yi kuka a gaban mutane ba. Sai ga shi ya fito rungume da babbar leda, an ɗaure bakinta tam da igiyar dila. Ba ɗaurin yanzu ba ne. Ya ajiye ta a kan tebur, bai ɗauke hannunsa daga kai ba.

"Ban sa ta ba," ya ce. "Tun da na zo da ita na ƙulle ta, don kar abin ya fita. In kasuwa ta yi sauƙi nakan shiga ciki in kwance bakin kaɗan." Ya share fuska da hannun riga. "Turarensa na nan, da goronsa. Har warin karnukan nasa na nan ciki, ɗiyata. Na kasa raba su."

Ya tura mini ledar, ya ce kada in buɗe ta a jirgi, kada in bari ruwa ya taɓa ta.

Da la'asar na iso gida, na wuce rumfar baya ko mayafi ban cire ba. Ina kwance igiyar kunnen karen ya motsa. Ya miƙe da ƙyar, ƙafafunsa na rawa, ya tura hanci cikin ledar. Sai ya zagaya bayana yana dubawa, ya je bakin ƙofa ya tsaya yana kallon hanyar garaji, jelarsa na kaɗawa a hankali. Ya daɗe a nan yana jira, ni kuwa ban taɓa jin tausayin wata halitta kamar yadda na ji a lokacin ba. Da ba wanda ya shigo, ya dawo ya hau kan rigar, ya juya, ya kwanta, ya yi wani dogon nishi. Inna tana tsaye daga nesa da hannu a baki. Kafin magariba ya jawo wuya ya lashi romon kazar, sannan ya ci tsoka.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara. Baba ne, kuma bai tsaya gaisuwa ba.

"Ya ci?"

"Ya ci, Baba. Yau ma ya ƙara. Ƙarshen mako za mu kai shi gidan tsohon."

"Da rigar?"

"Da rigar."

Na ji numfashinsa a wayar, da hayaniyar kasuwa a bayansa.

"To," ya ce. "A bar mishi ita."

Ya fara yi wa Kawu addu'a, muryarsa ta ƙi, sai na ƙarasa masa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa marasa baki. Baba ya ce amin, ya sake cewa amin, sannan ya ajiye wayar.